Da wane mudu za mu auna ƙirƙira: kuɗin bincike, jadawalin duniya, ko bakin masu sana'a?

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin rubuta tsarin ci gaba, na jiha ko na ma'aikata ko na jami'a, ya san inda alƙalami ke tsayawa. An gama rubuta cewa za a bunƙasa kimiyya da fasaha da ƙirƙire-ƙirƙire, kowa ya gyaɗa kai, sai wani ya ce: to nan da shekara biyar, da me za a gane an yi ko ba a yi ba? Dole a sa lamba. Lambar da aka sa kuwa ita za ta ja kuɗi, domin kwamishina ko shugaban hukuma zai zuba abin da ke hannunsa ne a wurin da aka ce nan za a duba aikinsa. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya fara ciniki sai ya ga mudun da za a auna masa, mu kuwa mukan sa hannu a takarda ba mu tambayi mudun ba.

Tun da ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu masana'antu ta yayata batun tattalin arzikin da ya dogara da ilimi a 1996, mudu uku ne suka fi yawo. Akwai ƙirga abin da ƙasa ke kashewa a bincike. Akwai matsayinta a jadawalin ƙirƙira da WIPO, hukumar kare mallakar fasaha ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke fitarwa duk shekara. Akwai kuma zuwa a tambayi masu kamfanoni da masu sana'a abin da suka sauya a aikinsu. Ba abu ɗaya suke aunawa ba, kuma ba kuɗi ɗaya suke ci ba.

Kuɗin bincike: mudun Frascati

A watan Yuni na 1963 masana suka taru a Frascati, wani gari kusa da birnin Rum a Italiya, suka amince da ƙa'idar ƙirga kuɗi da ma'aikatan bincike. Masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, Christopher Freeman, shi ya rubuta daftarin farko, kuma kundin ya kai bugu na bakwai a 2015. Ba kowane aikin ɗakin gwaje-gwaje yake karɓa a matsayin bincike ba. Sai aikin ya cika sharaɗi biyar: sabon abu ake nema, akwai basira a ciki, ba a san ƙarshensa ba tun farko, an tsara shi da kasafi, kuma wani zai iya maimaita shi ko ya ɗauki sakamakonsa. Idan an tara abin da kamfanoni da hukumomin gwamnati da jami'o'i da ƙungiyoyin sa-kai suka kashe a irin wannan aiki, sai a duba kashi nawa ne cikin ɗari na arzikin da ƙasa ta samar a shekarar, wato GDP.

Da wannan mudu, Isra'ila ta kai kashi 6, Koriya ta Kudu tana wajen kashi 5, Amurka wajen uku da rabi, Sin ta haura biyu da rabi, Tarayyar Turai tana ɗan sama da biyu. Afirka ta Kudu tana wajen 0.6. Najeriya, a duk ƙididdigar da aka taɓa yi, ba ta kai rabin kashi ɗaya ba. Ƙasashen Afirka sun yi wa kansu alkawarin kashi 1 tun a Shirin Legas na 1980, aka sake nanata shi a Khartoum a 2006, kuma har yau kusan dukkansu ba su cika ba.

Abin da nake girmamawa a wannan mudu shi ne yana da wuyar ha'inci, domin kuɗi na barin sawu. Amma amfaninsa na gaske ba a babbar lambar yake ba, yana cikin wadda ke ƙarƙashinta: wa ke biya? Labarin Koriya ya nuna haka. A 1966, ƙasar na cikin talauci, gwamnatin Park Chung-hee ta kafa cibiyar bincike ta KIST da tallafin Amurka. Ta janyo masananta da ke ƙasashen waje da albashi mai tsoka da gidaje, ta kuma ɗora cibiyar a kan yin bincike na kwangila ga masana'antu, ba rubuta takardun da za a jibge a kanta ba. A wancan lokacin gwamnati ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin kuɗin bincike. Zuwa shekarun 1980 kamfanoni sun wuce ta, a 1983 Samsung ya ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta ta 64K, yau kuwa kusan kashi huɗu cikin biyar na binciken ƙasar a cikin kamfanoni ake yin sa. Wanda ya kalli kashi 5 kawai zai ce gwamnati ta ƙara kasafi. Wanda ya kalli mai biyan zai gane cewa manufar Koriya ta yi nasara ne ranar da 'yan kasuwa suka ga riba a bincike har suka fara zaro nasu.

Rauninsa kuma a bayyane yake. Yana auna abin da aka zuba a tukunya, ba abin da aka kwashe ba. Tarayyar Turai ta yanke a Barcelona a 2002 cewa za ta kai kashi 3 zuwa 2010, an shafe fiye da shekara ashirin ana bin lambar ba a cim mata ba. Finland ta kai wajen 3.7 a 2009, duniya na yaba mata, alhali kusan sulusin wannan kuɗi kamfani ɗaya ne, Nokia, ke kashe shi. Da wayoyin Nokia suka faɗi har aka sayar wa Microsoft sashen a 2014, lambar ta zame zuwa wajen 2.7. Mudun bai yi ƙarya ba, amma bai faɗa wa kowa cewa ƙwan duk a kwando ɗaya suke ba. Yanzu majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta fara aiki a 2023, da burin kaiwa kashi 4 zuwa 2030.

A wajenmu akwai ƙarin matsala biyu. Lambar kaso ce daga GDP, saboda haka idan GDP ɗin ya motsa, ita ma ta motsa. A 2014 da aka sake lissafin GDP na Najeriya ya kusa ninkawa zuwa wajen dala biliyan 510, kason bincike ya ragu a takarda ba tare da an rufe ɗakin gwaji ko ɗaya ba. Sannan a jami'o'i, yadda ake lissafin shi ne a ƙiyasta wane kaso na lokacin malami ya tafi bincike, a ɗauki wannan kaso na albashinsa. Idan aka ƙara albashi lambar za ta tashi, ko da babu sinadari a ɗakin gwaji, ko da babu wutar da za a kunna na'ura. A ƙasar da kusan dukkan binciken da ake iya ƙirgawa a jami'o'i da cibiyoyin gwamnati yake, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

Jadawalin WIPO

Wannan shi jaridu suka fi so, domin lamba ɗaya ce kuma akwai na ɗaya akwai na ƙarshe. An fara shi a 2007 a makarantar kasuwanci ta INSEAD, WIPO ta shigo a 2011. Yana haɗa ma'aunai kusan 80 a rukuni bakwai. Biyar na abin da ake zubawa ne, wato ingancin hukumomi, ilimi da bincike, kayan more rayuwa, kasuwar kuɗi, da ƙwarewar kamfanoni, biyu kuma na abin da ke fita. A bugun 2024 an jera ƙasashe 133. Suwizalan ce ta ɗaya, matsayin da take riƙe da shi tun 2011, sai Suwidin da Amurka da Singafo. Sin ta 11, Indiya ta 39, Mauritius ta 55, Afirka ta Kudu ta 69, Najeriya ta 113, Nijar ta 132.

Yana da fa'ida ɗaya da ba za a raina ba: kyauta ne. Wasu sun riga sun tara alƙaluman, kuma kowace ƙasa tana da shafinta da ke nuna inda take da ƙarfi, inda take da rauni, da inda ba ta ma aika alƙaluma ba. Yana kuma tuna wa mai mulki cewa ƙirƙira ba aikin ma'aikatar kimiyya kaɗai ba ne, wutar lantarki da kotu da bashin banki duk suna ciki. Indiya ta ɗauke shi da muhimmanci, ta tashi daga ta 81 a 2015 zuwa ta 39 cikin shekara tara, kuma wani ɓangare na aikin shi ne gyara yadda take tattara alƙaluma tana miƙawa.

Nan kuma hatsarin yake. Matsayi na iya tashi domin ƙasa ta aika sababbin alƙaluma, ko ya sauka domin an ƙara ƙasashe ko an sauya wani ma'auni, alhali ba abin da ya sauya a kasuwa ko a gona. Inda babu alƙaluma ana barin gurbin, inda na bana babu ana ɗaukar na shekarun baya. Kuma a duba abin da ake ƙirgawa: makin ɗalibai a jarrabawar ƙasa da ƙasa ta PISA, wadda Najeriya da Nijar ba sa shiga, matsayin manyan jami'o'i uku a jerin jami'o'in duniya na QS, takardun mallakar fasaha na ƙasa da ƙasa, adadin adireshin intanet, rubutun manhaja a dandalin intanet na GitHub, da darajar sababbin kamfanonin da suka kai dala biliyan ɗaya. A wannan na ƙarshe Najeriya tana da abin nunawa, saboda irin su Interswitch da Flutterwave da OPay da Moniepoint. Dukkansu harkar hada-hadar kuɗi suke, dukkansu a Legas suke da cibiya. Nasara ce ta gaske, amma ba ta gaya maka komai game da majemar Kano ko masana'antun Sharaɗa da Bompai da suka rufe. Gwamnatin da ta rubuta a tsarinta cewa za ta shiga cikin ɗari na farko ta bar jaki tana dukan taiki, domin hanya mafi sauƙi ta kaiwa can ita ce gyaran fom. Duniya ta ga inda son matsayi ke kaiwa lokacin da Bankin Duniya ya soke jadawalinsa na sauƙin kasuwanci a Satumban 2021, bayan an gano an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe.

Tambayar masu aikin: mudun Oslo

Na uku ya taso ne daga lura da cewa yawancin sababbin abubuwa ba daga ɗakin gwaji suke fitowa ba. Freeman ɗin nan da ya rubuta ƙa'idar Frascati, da ya nazarci Japan a 1987, ya ga ƙarfinta yana cikin yadda masana'anta da ma'aikata da masu kawo kaya da gwamnati ke koyo daga juna. Bengt-Åke Lundvall na Denmark da abokan aikinsa suka bambanta koyo iri biyu: na kimiyya da gwaji, da na yi da hannu da amfani da cuɗanya da masu saye. Kundin Oslo, wanda ya fara fita a 1992, shi ne yunƙurin auna duka biyun. Ana zuwa wurin kamfani a tambaye shi ko cikin shekara uku da suka wuce ya fitar da sabon kaya ko ya sauya hanyar aiki sauyi mai yawa, nawa ya kashe, daga ina dabarar ta zo, da wa ya haɗa kai, me ya tare masa hanya. Sharaɗi mai muhimmanci shi ne abin ya shiga kasuwa ko ya shiga aiki. Takardar bincike da ke kan kanta ba ta shiga lissafi. Kuma ba dole abin ya zama sabo a duniya ba, ya isa ya zama sabo a wannan kamfani, sai dai a rubuta matakinsa. Turai tana yin wannan ƙidaya duk shekara biyu. Bugu na huɗu a 2018 ya faɗaɗa ma'anar ta yadda za ta shafi hukumomin gwamnati da gidaje da ɗaiɗaikun mutane.

Ga ƙasar da ke bin baya, wannan shi ne mudun da ya dace da abin da take yi a zahiri, wato ɗauko fasahar wasu, a gyara ta ta dace da wurin. Mai walda a Panteka ta Kaduna da ya ƙera injin sussukar masara daga tsohon ƙarfe, mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano da ya koyi sauya ƙananan sassa maimakon jefar da allon duka, mai sarrafa shinkafa a Kura da ya sauya tukunyar turara don ta rage cin itace, babu ɗayansu da zai bayyana a Frascati ko a jadawalin WIPO. A tambayar Oslo za su iya bayyana.

Na ce za su iya, domin yadda ake yin ta a Turai ana farawa ne daga kamfani mai ma'aikata goma. A Najeriya, inda alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ke nuna fiye da kashi 90 na masu aiki ba a ƙarƙashin rajista suke ba, kwafo wannan ƙa'ida yadda take zai bar kusan kowa a waje. Ƙasashen Latin Amurka sun ga irin wannan matsala, suka rubuta nasu kundin na Bogotá a 2001. Sai rauni na biyu, wanda ya fi damuna: amsa ce ta baki. A ƙidayar da aka yi a ƙasashen Afirka ƙarƙashin wani shiri na NEPAD, tsarin raya Afirka, da ya fara a 2007, wanda cibiyar kula da fasaha ta NACETEM da ke Ile-Ife ta riƙe ɓangaren Najeriya, kason kamfanonin da suka ce sun yi ƙirƙira a wasu ƙasashe ya zarce na ƙasashen Turai da dama. Ba don ƙarya ba ne, tambayar ce kowa ya fahimce ta yadda ya ga dama. Ko a noma haka ne. Da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta gwada ƙwayoyin halittar rogon da ke gonakin manoma a Najeriya, ta tarar da yawa suna shuka ingantaccen iri suna ɗaukarsa na gargajiya, wasu kuma akasin haka.

Abin da duka ukun suka tsallake a Maraɗi

Akwai misali ɗaya da nake komawa gare shi duk lokacin da wannan muhawara ta taso. A farkon shekarun 1980, a yankin Maraɗi, wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankalin manoma su daina ƙone kututturan da ke tohowa a gona, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu su raine su. Manoma suka ɗauki dabarar suka gyara ta yadda ta dace da gonakinsu, aka kira ta sassaben zamani, ta bi daga maƙwabci zuwa maƙwabci har Magarya da Matamaye da Mirya. Sai bayan shekara ashirin, da masu bincike suka kwatanta tsoffin hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan Adam na farkon shekarun 2000, aka gane girman abin: kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa da aka ƙiyasta sun kai miliyan 200, gawo ya dawo gonaki. Kuɗin bincike kusan babu, takardar mallakar fasaha babu, kamfani mai ma'aikata goma babu. Nijar, ƙasar da ta zo ta 132 cikin 133 a jadawalin 2024, ta yi ɗaya daga cikin manyan sauye-sauyen noma a Sahel, kuma shekara ashirin babu littafin gwamnatin da ya rubuta shi. Da akwai mai zuwa ƙauye duk shekara biyu yana tambayar manomi abin da ya sauya a gonarsa da wanda ya koya masa, da an gani tun da wuri, da an tallafa tun da wuri.

To wanne za a ɗauka?

Ya danganta da kujerar da mutum ke kai. Ma'aikatar tarayya mai fafutukar kasafi a majalisa ba ta da mafita daga Frascati, domin da shi ne kaɗai za ta iya cewa ga abin da aka yi alkawari, ga abin da aka saki. Abin da take buƙata shi ne ƙidayar ta zama ta kai-a-kai maimakon sau ɗaya a shekaru da yawa, kuma a riƙa fitar da kason kamfanoni daban. Harajin ilimi na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ya tashi daga kashi 2.5 zuwa 3 a 2023, ya kamata a iya cewa nawa ne a ciki ya tafi bincike na gaske, nawa ya tafi gini. Mai neman masu zuba jari daga waje kuma ya karanta shafin ƙasarsa a jadawalin WIPO, tunda su ma suna karantawa, ya cike guraben da babu alƙaluma, amma kada ya mai da matsayin ya zama buri.

Ga gwamnatin jiha kuwa, ko jami'a, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, ba na ganin zaɓin yana da wuya. Jadawalin WIPO ba shi da layin Kano ko Katsina ko Damagaram. Frascati a matakin jiha zai ƙirga kuɗin Jami'ar Bayero ne da Ahmadu Bello da cibiyar binciken noma ta Samaru, duk na tarayya, wanda gwamna ba shi da iko da ko sisinsu. Abin da jiha ke iya taɓawa shi ne wuta a unguwar masu sana'a, horo, bashi, fili, da haɗa mai bincike da mai buƙata, kuma tambayar Oslo ce kaɗai ke nuna ko waɗannan suna aiki.

Sai dai a yi mata gyara. A sauke iyakar ma'aikata goma. Tunda babu rajista, a samo jerin sunaye ta hannun ƙungiyoyin kasuwa da sarakunan sana'a da ƙungiyoyin manoma, a zaɓi waɗanda za a tambaya ta ƙuri'a, ba waɗanda shugaba ya nuna ba. Kada a tambayi mutum ko ya yi ƙirƙira. A ce, Malam, me kake yi bana wanda ba ka yi shekara uku da suka wuce? Idan ya faɗa a ce ya nuna, a ɗauki hoto, tunda gani ya kori ji. A shiga gidaje da mata masu tambaya, domin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da turaren wuta da ɗinki a cikin gida ake yin su. A koma wurin mutanen nan dai bayan shekara biyu, a ga wanda sauyinsa ya ɗore da wanda ya koma gidan jiya.

Tambayar da za ta fi biyan kuɗin aikin duka ita ce: daga wa ka samu dabarar? Samaru ta fitar da irin masara da wake masu yawa, ciki har da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa da aka amince da shi a ƙarshen 2019. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta fitar da kazar ƙwai ta Shika Brown. Buhun PICS mai ninki uku, wanda ke kare wake daga ƙwari ba tare da magani ba, an gwada shi da masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi. Idan aka tambayi manoma dubu a Bunkure da Giwa da Tasawa, nawa ne za su ambaci malamin gona ko cibiyar bincike, nawa za su ce dila ne a kasuwa, nawa za su ce a rediyo ko a waya suka ji, nawa za su ce maƙwabci? Idan yawancinsu suka ce dila, to dilolin iri da magani ya kamata a fara horarwa kafin a ɗauki sababbin malaman gona, kuma kasafin baɗi sai ya nuna haka.